Sankarar jinin da ta ƙi jin magani: labarin Malam da haɗin magunguna uku

Malam ne da kansa ya nemi a rubuta wannan labari, ya ɗora mana nauyin, mu ma'aikatan jinya da masu harhaɗa magunguna da muka kula da shi a sashen cututtukan jini. Sharaɗi biyu ya kafa: kada a ambaci sunansa ko na asibitin, kuma kada a ƙawata komai. A cewarsa, mutum yana iya ɗaukar wahala idan ya san tana tafe, abin da ke karya zuciya shi ne ta zo masa ba zato.

Shekararsa 47 a lokacin, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, yana da mata da 'ya'ya huɗu. Abin ya fara da kasala ta makonni, sai dasashinsa ya riƙa zubar da jini idan ya goge haƙora, ga zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Gwajin jini ya nuna fararen ƙwayoyin jini sun haura 60,000 a maikirolita ɗaya, alhali na mai lafiya ba sa wuce 4,000 zuwa 11,000. Aka kwantar da shi, aka kashe wajen da allura, aka huda ƙashin ƙugunsa ta baya aka zuƙo ɓargo. Kashi 70 cikin 100 na abin da aka gani ɗanyun ƙwayoyi ne, waɗanda suka tsaya ba su nuna ba, sai hayayyafa kawai suke yi suna cike gurbin masu amfani. Kashi 20 ma ya isa a ce mutum yana da AML, wato wata irin sankarar jini mai saurin tsananta da ke farawa a ɓargo. Gwajin ƙwayoyin gado kuma ya nuna sauyin da ake kira FLT3-ITD. Kusan kashi 30 cikin 100 na masu wannan ciwo suna da sauyi a FLT3, kuma irin nasa an san shi da saurin yaɗuwa da saurin dawowa.

An fara da abin da ake farawa da shi tun 1973, wato 7+3: cytarabine ta jijiya dare da rana har kwana 7, da daunorubicin a kwanaki 3 na farko. Saboda FLT3 ɗin aka ƙara masa midostaurin, miligiram 50 safe da yamma, daga rana ta 8 zuwa ta 21. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo, ya jure. Da aka sake duba ɓargo, ɗanyun ƙwayoyin sun sauka zuwa kashi 30 ne kawai, alhali ana neman ƙasa da kashi 5. Sai aka shiga zagaye na biyu da haɗin da ya fi ƙarfi, FLAG-IDA, mai ɗauke da fludarabine da cytarabine mai yawa da idarubicin da allurar tayar da ɓargo. Tun daga ranar duk jinin da za a ƙara masa sai wanda aka bi da hasken radiyeshin, domin fludarabine tana kwantar da garkuwar jiki har ta kai fararen ƙwayoyin mai ba da jini za su iya juyowa su afka wa wanda aka ƙara wa. Wannan zagayen ma ya ƙare da kashi 18.

Zagaye biyu masu ƙarfi ba tare da ɓargo ya washe ba, a ƙa'idar likitocin jini shi ne ake cewa ciwon ya ƙi jin magani.

Likitarsa ta zaunar da shi da matarsa. Ta ce, "Malam, ba zan ɓoye maka ba. Zagaye na uku irin waɗancan zai taɓa zuciyarka, kuma ba na sa ran zai yi abin da biyun suka kasa. Abin da zai iya raba ka da ciwon nan shi ne dashen ɓargo, amma ba a yin dashe ɓargo na cike da cuta. Hanya muke nema da za ta kai ka can." Kafin nan ta sa an sake gwajin ƙwayoyin gado, kuma wannan mataki ne da bai kamata a tsallake ba, domin ciwon yana canza kama bayan magani. Wani lokaci FLT3 ɗin ya ɓace, wani sauyin ya fito. Nasa yana nan.

Hanya uku ta shimfiɗa musu. Ta farko gilteritinib shi kaɗai, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2018. A binciken ADMIRAL, matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda suka sha shi wata 9.3 ne, na waɗanda aka sake yi wa kemo kuma wata 5.6. Ta biyu ita ce shiga gwaji na haɗa magani uku: azacitidine da venetoclax da gilteritinib. Ta uku a bar faɗa da ciwon, a koma ƙarin jini da rage raɗaɗi, ya zauna cikin iyalinsa. Ta faɗi ta ukun da girmamawa kamar yadda ta faɗi sauran, kuma haka ya dace, don akwai waɗanda ita ce daidai gare su.

Malam mutumin lissafi ne, ya nemi a nuna masa dalilin haɗa ukun. Ƙwayar sankara tana rayuwa ne saboda ta toshe hanyar mutuwar da kowace ƙwayar jiki take da ita, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da take toshewa da su shi ne furotin BCL-2. Venetoclax yana kama BCL-2 ya hana shi aiki. Matsalar ita ce ƙwayar da ke da FLT3-ITD tana da wani abin dogaro, MCL-1, sai ta jingina da shi ta ci gaba da rayuwa. Gilteritinib yana kashe saƙon da FLT3 ke aikawa, MCL-1 ya ragu, azacitidine ma tana taimakawa ta wannan ɓangaren. Haɗin azacitidine da venetoclax ba sabo ba ne: binciken VIALE-A na 2020 ya nuna matsakaicin tsawon rayuwa wata 14.7 a kan wata 9.6 na azacitidine kaɗai ga tsofaffi da marasa ƙarfin da ba a taɓa yi wa magani ba. Ƙara na ukun, a kan wanda ciwonsa ya riga ya bijire, shi ne abin da ke matakin gwaji. Cibiyar MD Anderson da ke Houston ta wallafa sakamakon nata gwajin a 2024, kuma a can ne aka tsayar da gilteritinib a kan miligiram 80 maimakon 120 da ake sha idan shi kaɗai ne, domin 120 ɗin yana danne ɓargo fiye da kima. An kuma gaya masa abin da ba shi da daɗin ji: a wannan rahoton, kusan duk sababbin marasa lafiya ɓargonsu ya washe, amma cikin waɗanda ciwonsu ya dawo ko ya ƙi jin magani kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka samu cikakkiyar lafawa ko abin da ya yi kusa da ita. An karanta masa takardar amincewa shafi-shafi, aka nanata masa cewa yana da ikon janyewa kowace rana ba tare da an rage masa kulawa ba. Ya kwana biyu da ita kafin ya sa hannu.

Ba a fara venetoclax sai fararen ƙwayoyin jini sun sauka ƙasa da 25,000, don haka aka ba shi hydroxyurea na 'yan kwanaki. Dalili shi ne idan ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa a lokaci guda, abin da ke cikinsu yana kwarara cikin jini: fotasiyam da fosfet da yurik asid su hau, kalsiyam ya sauka, ƙoda ta toshe, bugun zuciya ya rikice. Aka sa masa ƙarin ruwa, aka fara allopurinol mai rage yurik asid, aka kuma gwada G6PD, wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, tun da wuri, saboda maganin gaggawa na yurik asid, rasburicase, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin wanda ke da ƙarancin G6PD. Ana ɗibar jini kafin kowane sabon adadi, a sake bayan awa 6 zuwa 8.

A ƙa'ida ana hawa da venetoclax ne miligiram 100, 200, 400 cikin kwana uku. Malam bai sha 400 ba a zagayen farko, kuma nan ne wurin da aka fi samun haɗari. Yana kan posaconazole don kare huhunsa daga fangas, shi kuwa posaconazole yana toshe sinadarin hanta CYP3A wanda ke fitar da venetoclax daga jiki, sai maganin ya taru ninki-ninki. Wanda ke kan posaconazole yana hawa ne 10, 20, 50, ya tsaya a 70. Wato ƙwaya ɗaya ta 50 da ƙwaya biyu na 10, sau ɗaya a rana, da abinci da ruwa, ba a taunawa, ba a karyawa. Da voriconazole 100 ne, da fluconazole a rage aƙalla rabi. Saboda wannan sinadarin ne ma aka hana shi garehul da lemon Seville. Matarsa ta rubuta komai a littafi, kuma ta saba kirga ƙwayoyin a tafin hannunta a gabanmu kafin ta miƙa masa.

Azacitidine miligiram 75 ne ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki, kwana 7 a jere. Nasa lissafin ya ba da 135, wato mililita 5.4, kuma duk abin da ya wuce mililita 4 raba shi ake yi sirinji biyu. Ruwan fari ne mai kauri, yana kwantawa idan ya jima, sai an murza sirinjin tsakanin tafukan hannu kafin a soka, kuma idan an haɗa shi aka ajiye a ɗaki dole a yi amfani da shi cikin awa ɗaya. Ana yi a ƙarƙashin fata, yau ciki, gobe cinya, jibi damtse, a bar aƙalla santimita biyu da rabi daga wurin jiya. Zuwa rana ta biyar cikinsa ya cika da jajayen tabo masu zafi, har yana ɗaga riga da yatsa biyu don kada ta goge su. Gilteritinib kuma ƙwaya biyu ce ta 40. Ana yi masa ECG, gwajin bugun zuciya, kafin farawa, da rana ta 8 da ta 15, saboda gilteritinib da posaconazole da maganin amai ondansetron duk suna iya tsawaita tazarar QT a bugun zuciya. Idan ta wuce milisakan 500 ana dakatar da maganin, kuma kullum ana gyara fotasiyam da magniziyam kada su yi ƙasa. Kowace safiya kuma sai ya hau sikeli. Gilteritinib yana iya sa ɗanyun ƙwayoyin su nuna a lokaci guda, jiki ya tara ruwa, numfashi ya yi wuya, zazzaɓi ya taso. Idan an ga alamar haka ba a jiran tabbaci, dexamethasone miligiram 10 ake farawa duk awa 12. Shi Allah ya tsare shi daga wannan.

A rana ta 14 aka sake huda ƙugu. Ɗanyun ƙwayoyi kashi 3, ɓargon kuma kusan fayau. Likita ta ce a tsayar da venetoclax da gilteritinib nan take. Malam bai ji daɗi ba. Ya ce, "Likita, wata nawa muna neman abin da zai yi aiki, yanzu mun samu kuma ki ce a ajiye?" Ta ce, "Malam, gona ce aka yi wa feshi, ciyawa ta mutu, shukar ma ta kwanta. Idan muka ci gaba da fesawa babu abin da zai tsiro." A ganinmu wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. A irin wannan haɗin, abin da ke kashe mutane da yawa ba sankarar ba ce, daɗewar ɓargo babu komai ne. Wanda ya bi kalanda ya cika kwana 28 na zagayen ba tare da duba ɓargo a tsakiya ba yana iya barin mara lafiya wata biyu babu garkuwa.

Ko da aka tsaya da wuri, sai da ya ɗanɗana. Niyutrofil, fararen ƙwayoyin da ke yaƙar bakteriya, sun zauna ƙasa da 100. Ana ƙara masa filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, idan sun sauka ƙasa da 10,000, jini kuma idan himogulobin ya faɗi ƙasa da 7. An hana shi farasitamol sai an auna zafin jiki tukuna, don yana ɓoye zazzaɓi. An hana duk wani magani ko ma'auni ta dubura duk da cushewar cikin da ondansetron ya jawo masa, saboda ƙaramin ƙwarzane a can ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta. A daren rana ta 19 matarsa ta fito da sauri ta ce yana karkarwa har gadon na motsi. Ma'auni ya nuna 38.4. Ga mai niyutrofil ƙasa da 500, zafi 38.3 sau ɗaya, ko 38.0 da ya tsaya awa guda, gaggawa ce, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta dole ya shiga jijiya cikin minti 60. Aka ɗebi jini daga bututun ƙirjinsa da kuma hannu don shukawa, aka sa piperacillin-tazobactam giram 4.5. Kafin asuba matsin jininsa ya faɗi, aka ƙara ruwa, aka koma meropenem. Abin da ya tsiro a kwalbar E. coli ne daga hanjinsa. Kwana uku bai san inda yake ba sosai. Daga baya ya ce abin da kawai yake tunawa shi ne muryar matarsa tana cewa, "Malam, buɗe baki ka kurɓa."

Bayan ya farfaɗo sai gwajin hanta ya hau, aka cire posaconazole aka koma micafungin, wani maganin fangas wanda kusan ba ya taɓa CYP3A. Wannan canjin yana da wutsiya. Da aka zo zagaye na biyu, adadin venetoclax ɗinsa ya zama 400, ƙwaya huɗu na 100. Matarsa ta ƙi ba shi. Ta zo da littafinta ta nuna inda ta rubuta 70 da hannunta, ta ce ba za ta ninka wa mijinta magani kusan sau shida ba sai an yi mata bayani. Mai harhaɗa magunguna ta zauna da ita ta ce, "Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya," ta warware mata, ta kuma karɓe ragowar ƙananan ƙwayoyin don kada a gauraya. Kuskuren yana faruwa ta fuska biyu. A ƙara maganin fangas a manta a rage venetoclax, ɓargo ya mutu. Ko a cire shi a manta a mayar da adadin bayan kwana biyu zuwa uku, mutum ya yi ta shan abin da bai isa ya taɓa ciwon ba. Duk wanda ke kan wannan magani ya kamata ya tambaya duk ranar da aka ƙara ko aka cire masa wani magani, ko da na hawan jini ne.

An yi masa allurar tayar da ɓargo bayan an tabbatar babu ɗanyun ƙwayoyi, amma sai rana ta 41 niyutrofil suka haura 1,000. Filatilet sun tsaya wajen 60,000, ba su kai 100,000 da ake buƙata kafin a ce lafawa ta cika ba. Zagaye na biyu an gajarta shi: azacitidine kwana 5, venetoclax kwana 7, gilteritinib kullum. Bayansa madubin likita bai ga komai ba, amma gwajin ƙwayoyin gado mai zurfi ya nuna ɗan burbushin FLT3-ITD. Likita ta ce ba za a jira ya ɓace ba, lafawar da ake samu da irin wannan haɗin ba ta cika daɗewa ba.

An riga an gwada 'yan uwansa tun farkon ciwon, kuma wannan ya ceci makonni. Kowane ɗan uwa uwa ɗaya uba ɗaya yana da damar ɗaya cikin huɗu ta dacewa gaba ɗaya. Babu wanda ya dace haka, amma ƙanwarsa ta dace rabi, kuma jininsa ba ya ɗauke da garkuwar da za ta ƙi nata. An yi mata allurar tayar da ɓargo kwana biyar, ƙasusuwanta suka yi ta ciwo, sannan ta zauna awanni a jikin na'urar da ke tace ƙwayoyin asali daga jini ta mayar da sauran. Da aka gama ta leƙa ɗakinsa ta ce, "Yaya, ashe ba yanka ni za a yi ba, ka bar ni ina ta fargaba." Dashen kansa kamar ƙarin jini ne ta bututu. A rana ta 3 da ta 4 bayansa aka ba shi cyclophosphamide, miligiram 50 ga kowane kilo, don kashe ƙwayoyin ƙanwar da suka fi zafin kai wa jikinsa hari, daga nan magungunan danne garkuwa, tacrolimus da mycophenolate, suka ɗora. Sabon ɓargon ya kama cikin mako na uku. Ƙuraje sun feso masa a tafin hannu da bayan wuya, alamar sabuwar garkuwa tana taɓa fata, man sitiroyid ya kwantar da su. Da jininsa ya daidaita aka mayar da shi kan gilteritinib, domin binciken MORPHO ya nuna waɗanda ke da burbushin FLT3-ITD kafin dashe ko bayansa su ne ke cin moriyar ci gaba da shi.

Malam ya dage a rubuta cewa ba kowa ne ya fita ta ƙofar da ya fita ba. Akwai wanda ɓargonsa ya washe a rana ta 14 amma fangas ya cinye huhunsa kafin jini ya dawo. Akwai wanda ya samu lafawa, bayan wata uku ciwon ya dawo da sabon sauyi a NRAS, wanda ke kewaye FLT3 gaba ɗaya ya bar gilteritinib ba shi da abin kamawa. Masu sauyin TP53 har yanzu su ne aka fi rasa yadda za a yi da su. Magrolimab, da aka ɗora wa buri a kansu, an dakatar da gwaje-gwajensa a AML zuwa 2024 saboda bai ƙara kwana ba, a wani gwajin ma mace-mace sun ƙaru. Ta wani gefen kuma ana samun ƙari: ivosidenib ga masu IDH1, enasidenib ga masu IDH2, sai revumenib da FDA ta amince da shi a Nuwamban 2024 ga masu sauyin KMT2A, kuma ana gwada haɗa irin waɗannan da venetoclax. Kowanne yana da nasa mutanen, shi ya sa sunan sauyin da ke jikin takardar gwaji ya fi sunan ciwon muhimmanci wajen neman gwajin da mutum zai shiga.

Yanzu Malam ya haura shekara ɗaya da dashe. Gwajin ɓargo na ƙarshe bai ga FLT3-ITD ba, kuma jinin da ke yawo a jikinsa duk na ƙanwarsa ne. Idanunsa suna bushewa, yana ɗiga magani sau da yawa a rana, bakinsa ba ya jure yaji. An daina tacrolimus a hankali, an fara maimaita masa alluran rigakafi daga farko tunda dashen ya shafe na da. Ya koma aji rabin yini da takunkumi a fuska. Yana nan kan gilteritinib, ana duba hantarsa da ECG, kuma duk wata uku yana zuwa a huda ƙugu.